Rijiya ta ba da ruwa, guga ya hana: maganar itace, murhu da rana

Yau maganar wuta za mu yi, wutar da ke ƙarƙashin tukunyar tuwo.

Ko'ina ka zauna, daga Tasawa har Madawa, daga Magarya har Kwanni, kuka ɗaya ne. Itace ya yi nisa, itace ya yi tsada. Mace ta fita da hantsi, ba ta komo ba sai azahar, da ɗan ƙullin sabara wanda ba ya kai ta kwana biyu. Wadda ba ta iya tafiya ta ƙona kara. In kara ya ƙare ta ƙona kashin shanu. Maza kuwa suna zaune bakin masallaci suna kukan tsadar taki, ba su lura ba takin ne ke ci da wuta cikin gidajensu safe da marece.

Ga abin da ni na gani. Mun bar wannan magana hannun mata, kamar ba ta shafi gona ba, alhali kuwa ta shafe ta ƙwarai. Kuma ina cewa, kafin mu roƙi gwamnati ta ja mana kuran, kafin mu ci bashin sayen inji, akwai aiki biyu da suka fi kusa da hannunmu: gyaran murhu, da barin icce ya tashi cikin gona. Wanda bai yarda ba ya karanta har ƙarshe, sannan mu yi gardama.

Mu fara da abin da masu ilimi ke kira makamashi. Kalmar ce baƙuwa, abin kam tsoho ne. Shi ne ƙarfin da ke sa abu ya yi zafi, ko ya yi haske, ko ya motsa. Kusan duk wanda muke aiki da shi daga rana ya fito. Rana ta haska ganyen gero, gero ya ajiye ƙarfinta cikin tsaba da kara. Ka sha fura, ƙarfin ya shiga jikinka, ka ɗauki hauya. Sa ya ci kara da harawa, ya ja galma ko amalanke. Rana ta bugi teku, ruwa ya tashi ya zama hadari. Icce ma haka yake tara ƙarfin rana shekara da shekaru, ran da ka sa shi murhu sai ya sako shi. Ke nan wutar murhu rana ce da aka ajiye.

Masu ilimi sun auna wannan abu tun da daɗewa, sun tabbatar da cewa mutum ba ya ƙirƙirar makamashi, kuma ba ya hallaka shi. Riga kawai yake sakewa. Haske ya zama abinci, abinci ya zama motsi, motsi ya zama zafi. To amma ga inda gizo ke saƙar. Duk lokacin da ya sake riga, wani kashi yana zubewa ya zama zafin da ba ya yi wa kowa aiki. Ku taɓa injin niƙa bayan ya yi awa guda yana aiki. Wannan zafin da ya ƙona muku hannu gazuwal ne da aka saya da kuɗi, bai niƙa ko ƙwaya ɗaya ba. Gumin da ke zubo maka wajen noma, shi ma furar da ka sha ce ta zama zafi.

Kamar jan ruwa ne da guga mai huji. Guga ya cika ƙasan rijiya, kafin ya iso baki rabi ya koma. Ƙarfin jan dai ka ba da shi cikakke. Shi ya sa duk abin da ke cin itace ko mai, tambayar da ta kamata a yi masa ita ce: cikin kashi 10 da na ba ka, nawa ka mayar mini aiki?

Mu yi wa murhunmu na duwatsu uku wannan tambaya. An auna shi wurare da yawa, nan ƙasarmu da maƙwabta. Cikin kashi 10 na zafin itace, kashi 1 ne, in an yi sa'a 1 da rabi, ke shiga tukunya. Ku sake karanta wannan layi. Ƙulli 10 mace ta ɗauko bisa kanta, 8 ko 9 iska suka ɗumama.

Ina sauran ya tafi? Ku tsaya kusa da murhu ku duba da idonku. Harshen wuta yana fita ta tsakanin duwatsu, nan da can. Iska ta kaɗa ta kwashe shi gefe guda, tukunya tana zaune tana kallo. Ƙasa tana shan nata. In itacen ɗanye ne, asarar ta fi haka, domin iccen da aka sare yanzu kusan rabinsa ruwa ne, kuma sai wuta ta ƙone wannan ruwa kafin ta juyo ga tukunya. Hayaƙi ma itace ne wanda bai ƙone ba. Shi ne ke baƙanta tukunya da rufin ɗaki, shi ne ke shiga ƙirjin mai girki da na jaririn da ke goye. Tarin da ba ya ƙarewa da ciwon ido da muke gani ga tsofaffin mata, hayaƙi yana da hannu ciki.

Maganin wannan ba sabo ba ne, kuma ba daga nesa zai zo ba. Tun cikin shekarun 1980 aka yaɗa murhun zamani cikin Nijar. Akwai na ƙarfe wanda maƙera ke yi, ana ce masa Mai Sauƙi. Akwai na laka, ana ce masa Albarka, wanda mace ke iya ginawa da hannunta da yumɓu da kashin jaki da ɗan ƙaiƙayi. Dabararsu ɗaya ce: a kewaye wuta da bango, a bar ƙofa guda ta itace, a tilasta harshen wuta ya lashi gindin tukunya da gefenta kafin ya fita. In an gina shi daidai, an yi aiki da shi daidai, cikin ƙulli 3 ana iya rage kusan 1. Gidan da ke ƙona ƙulli 3 cikin mako zai ga ƙulli 50 sun ragu cikin shekara. Tafiya 50 ke nan ta daji da uwargida ba ta yi ba.

To, in abin yana da kyau haka, don me yau in ka shiga gida 10 za ka tarar da duwatsu uku cikin mafi yawansu? Wasu na cewa mata ne ba su son sabon abu. Ban yarda da wannan ba ko kaɗan. Matar da ta karɓi injin niƙa da hannu biyu, ta karɓi salula, ba ita za ta ƙi abin da zai rage mata wahala ba. Dalilan suna nan a fili. Murhun laka yana tsagewa, damana ta zo ta narke shi in ba rumfa. An gina shi don tukunya guda, ran suna ko biki tukunyar ba ta shiga. Wani an yi shi ba ya riƙe tukunya wajen tuƙin tuwo, kuma kowa ya san tuwon gero ba da lallashi ake tuƙa shi ba. Da ɗari yara na son jin ɗumi, murhu mai bango ba ya ba su. Masu koyarwa kuma sun zo sun gina, an ɗauki hoto, sun tafi, ba wanda ya komo ya koya gyara.

Akwai kuma dalilin da ba a son faɗa. Itacen da mace ta ɗebo da ƙafarta, maigida ba ya ganin shi kuɗi ne. Mutum ya zuba wa moto isansi kullum ba ya ƙorafi, amma a ce ya sayi murhun ƙarfe sau ɗaya, ko ya kafa rumfa bisa na laka, sai ya ce ba hali. Ni a ganina wannan rashin lissafi ne. Awa uku ko huɗu da take ɓatawa daji, da sun tafi ga garka, ko ga kiwon tumaki, ko ga matsar man gujiya, da kuɗi sun shigo gida.

Duk matsalolin nan suna da gyara. A gina murhu biyu, babba da ƙarami. A bar duwatsu uku cikinsa su riƙe tukunya, bango ya kewaye su. Tsakanin tukunya da bango a bar kamar faɗin yatsa: in ya fi haka zafi ya gudu, in bai kai ba wuta ta shaƙe. In ya tsage a shafe da laka ran nan, kada a jira. Ko wadda ba ta da murhun zamani tana iya rage asara tun yau. A faskara itace ƙanana, a shanya shi ya bushe sarai. A rufe tukunya da marufi. A jiƙa wake tun dare. In ruwa ya tafasa a janye icce ɗaya ko biyu, domin ruwan da ke tafasa ba ya ƙara zafi ko an ƙara masa wuta, tururi kawai yake ƙarawa. In an sauke, a turbuɗe bakin wuta cikin rairayi don gobe.

Bari in taɓa gawayi, tunda samarinmu na fada ba su rabuwa da shayi. Gawayi yana da daɗin aiki, ba hayaƙi, ba nauyi. Amma ku ji lissafinsa. Yadda muke toya shi cikin rami, ana ƙona kilo 6 na itace, wani lokaci fiye, kafin a samu kilo 1 na gawayi. Shi kuwa kilo 1 na gawayi zafin kilo 2 na itace yake bayarwa. Ke nan kilo 4 sun tashi hayaƙi can daji, tun ba a ɗora tukunya ba. Maƙeri ba shi da makawa sai gawayi, wutar itace ba ta narka masa ƙarfe yadda yake so, shi ya sa tun kakanni ake ba shi kirya. Amma a sare kirya mai shekara 50 don girkin birni, wannan ɓarna ce.

Yanzu mu zo ga rabo na biyu na maganar. Makamashi iri biyu ne. Akwai mai komowa, akwai mai ƙarewa. Mai komowa kamar gona yake: in ka kula da ita, bana ka girbe, baɗi ka girbe. Rana, iska, ruwan kogi mai gudu, duk nan suke. Mai ƙarewa kamar rumbun gado yake: ka tarar da shi cike, kana ɗiba, ba mai zubawa. Isansi, gazuwal, kananzir, gaz da gawayin ƙasa suna cikin wannan. Su ma asalinsu rana ce, domin tsirrai da ƙananan halittu ne da ƙasa ta binne miliyoyin shekaru da suka wuce. Abin da aka yi miliyoyin shekaru ana tarawa ba ya komowa cikin rayuwar jikanmu.

Allah ya ba Nijar irin wannan rumbu, kuma mun gode. A Anu Araren, kusa da Cirozerin, kamfanin SONICHAR yana haƙar gawayin ƙasa, tun 1981 yana ƙona shi yana ba Agadas da Arlit kuran. A Agadem, cikin jihar Diffa, akwai man fetur. Matatar SORAZ ta Damagaram ta fara aiki cikin 2011, an gina ta don tace ganga 20,000 kowace rana. Cikin 2024 aka fara fitar da ɗanyen mai ta bututu mai tsawon kusan kilomita 2,000 zuwa bakin teku a Benin. Akwai kuma uraniyom, wanda shi ba daga rana ya fito ba, dutse ne mai ƙarfi na daban, ana haƙarsa Arlit tun 1971.

Wanda ke tsammanin rumbun ƙasa ba ya ƙarewa, ya tambayi mutanen Akokan. Kamfanin COMINAK ya fara fitar da uraniyom cikin 1978. Ranar 31 ga Maris 2021 aka rufe ramin, domin abin da ke ciki mai riba ya ƙare. Shekara 43 ke nan. Akwai dattawa cikin masu karanta wannan takarda da suka girme shi, sun ga buɗewarsa, sun ga rufewarsa.

To itace fa, wane iri ne? Cikin littafi an sa shi cikin masu komowa. Ni kuwa ina cewa ya danganta da hannun mai gatari. Akuya in kana tatsa, kullum da nono. In ka yanka, nama ne na kwana biyu. Icce in ka sassabe reshe ka bar uwa, mai komowa ne. In ka sare har ƙasa, ka tone kututture, ka sa wuta bisa saura, ya zama mai ƙarewa kamar ramin Akokan. Kuma bakin da ke jiran tuwo ya ƙaru. Ƙidayar 1977 ta samu mutum miliyan 5 da ƴan kai cikin Nijar. Ta 2012 ta samu miliyan 17. Yau mun wuce miliyan 25. Daji kuwa bai ƙaru ba, gonaki ne suka ci shi.

Kara da kashin shanu su ma ana cewa masu komowa ne, tunda kowace shekara akwai su. Amma ku dubi abin da gona ke rasawa. Karan da aka bari kwance yana tare rairayi da iska ke kwasa, yana rufe ƙasa daga rana, gara ta ci shi ta buɗe ƙasa ruwa ya shiga. Kashin shanu kuwa ba sai an gaya wa manomi ba. In ka ƙona su, toka kaɗai ta rage, mafi yawan abin da ke ciyar da shuka ya bi hayaƙi. Tuwon yau an dafa shi da hatsin baɗi.

Abin farin ciki, maganin wannan a ƙasarmu aka gwada shi, har duniya ta zo koyo. Bayan yunwar 1973 aka dage da dashen itatuwa. Tun 1975 ranar 3 ga Agusta ta zama ranar dashe, kuma cikin wannan shekara aka fara jera layukan bedi cikin kwarin Majiya, wajen Buza, don kare iska. Cikin watan Mayu 1984 aka yi babban taro a Maraɗi kan yaƙi da hamada. An dasa da yawa, wasu sun kama, da yawa kuma awaki da ƙishirwa sun gama da su. Abin da ya fi kamawa bai bi ta gandun rainon itatuwa ba. Wajen 1983 wani malamin gona ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, yana aiki cikin jihar Maraɗi, ya lura cewa ƴan tsirran da muke sassabewa kowace bazara ba ciyawa ba ne, toho ne daga kututturen itatuwa masu rai, saiwarsu na can ƙasa ta riga ta kai ga laima. Manoma suka gwada: kowane kututture a zaɓi reshe 2 zuwa 5 masu ƙarfi a bari, a cire saura, a riƙa yi musu aski. Shi ne sassaben zamani. Da farko an yi wa masu yin sa dariya, an ce gonarsu ƙazama ce. Bayan shekara 20, masu bincike suka auna da hotunan sama, suka ga abin ya kai hekta kusan miliyan 5 da itatuwa kusan miliyan 200, galibi cikin Maraɗi da Damagaram. Wanda ya bi hanyar Matamaye zuwa Magarya ya ga gawo cikin gonaki ba ya bukatar a ba shi labari.

Kalgo, sabara, geza, magarya, aduwa, duk suna yin toho. Gawo kuwa sarki ne, domin shi da damana yake zubar da ganye, ba ya yi wa gero inuwa, kuma hatsin gindinsa ya fi na fili. Askin da ka yi wa waɗannan itatuwa shi ne itacen girkin gidanka, daga gonarka, ba tafiya daji. Da can manomi na tsoron barin icce, don in ya girma sai a ce na gandun daji ne, ka taɓa a ci ka tara. Wannan tsoro ya kashe itatuwa da yawa tun suna ƙanana. Cikin 2020 gwamnati ta fitar da doka wadda ta amince cewa wanda ya raini icce cikin gonarsa shi ke da amfaninsa. Ya kamata a karanta ta da Hausa gaban kowane maigari, makiyaya na zaune, masu gatarin dare ma su ji.

Nan wani zai ce: Malam, kana ta zancen laka da kututture, duniya kuwa ta tafi ga hasken rana. Gaskiya ne, kuma ba na raina shi. Rana ita ce dukiyar da muka fi kowa. Fili mai mita 1 tsawo, mita 1 faɗi, abin da rana ke zuba masa cikin yini guda ya fi zafin kilo 1 na busasshen itace. Ɗan ƙasarmu Abdu Mumuni, haifaffen Tasawa cikin 1929, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, ya ga haka tun da wuri. Ya shugabanci ofishin ONERSOL daga 1969, suna ƙera na'urorin ɗumama ruwa da na girki da rana tun lokacin da manyan ƙasashe ba su damu ba. Yau akwai tashar kuran ta rana a Malbaza tun 2018, akwai wadda ta fi ta girma a Goru Banda kusa da Yamai tun 2023. Kuma mun ga darasi cikin Agusta 2023, lokacin da aka yanke kuran da ke zuwa daga Najeriya, wanda shi ne mafi yawan abin da birane ke sha a lokacin. Watanni aka yi cikin wahala. Mai faifan rana bisa rufin ɗakinsa, fitilarsa ba ta mutu ba.

Ga mai garka, a Galmi ko Gulbin Maraɗi ko Korama, lissafin a fili yake. Injin ban ruwa mai isansi, cikin lita 4 da ka zuba masa, lita 1 ce ko ƙasa da haka ke zama juyi. Sauran 3 zafi ne da hayaƙi da ƙara. Faifan rana shi ma ba gwani ba ne, kashi 1 cikin 5 na hasken da ya sauka kansa yake mayarwa kuran. Bambancin shi ne, lita 3 da suka tashi banza ka biya kuɗinsu, hasken da ya tashi banza ba wanda ya biya. Inji yana da arha ran saye, sannan ya bi ka da bashi kowace safiya. Faifai yana da tsada ran saye, sannan ya yi shiru shekara 20 in na ƙwarai ne. Tsadar farkon ce ke kayar da talaka, kuma nan ne ƙungiya ke da amfani, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Masu garka 5 ko 6 da ke maƙwabtaka suna iya haɗa kuɗin albasar shekara guda su sayi famfo ɗaya, su gina tafki na siminti, su raba ruwa da kwana.

Sai dai ku yi hattara da abu uku ko huɗu. Kasuwa ta cika da faifai na jabu, an rubuta ƙarfi babba, aiki kaɗan, don haka kada ku saya sai da wanda ya san auna shi. Ƙurar hunturu in ta rufe faifai tana rage ƙarfinsa, a share da tsumma mai laushi da safe. Batir shi ne mai saurin mutuwa, shekara 2 ko 3 ya gaji, saboda haka don ban ruwa gara a tara ruwa cikin tafki da rana, a bar batir ga fitila da salula. Tsohon batir kuma akwai dalma da guba ciki, kada a bar yara su fasa shi. Abin da ya fi damuna shi ne ruwa. Mai inji yana kashe shi da wuri don tsoron kuɗin mai. Mai faifai ba abin da ke tsorata shi, sai ya bar famfo na zuba tun safe har la'asar. Rana ba ta ƙarewa, amma ruwan ƙasa yana da iyaka, damana ce ke mayar da shi. In kowa ya ja fiye da abin da damana ta zuba, rijiyoyin maƙwabta za su ƙafe, na talaka mai guga su ne na farko.

Ku lura kuma, ƙaramin faifan da ke cikin ƙauye yana kunna fitila da rediyo, yana cika salula, amma ba ya tuƙa tuwon mutum 15. Girki yana cin zafi mai yawa. Don haka ko kowane ɗaki ya samu faifai gobe, uwargida tana nan da murhunta. Shi ya sa na sa murhu gaba.

Saura maganar birni. Motocin itace da ke shiga Yamai da Maraɗi da Damagaram da Tawa, daga dajinmu suke lodi. Tun 1992 aka yi dokar kasuwannin itace na karkara, don mutanen ƙauye su riƙe dajinsu, su sare da ƙa'ida, kuɗin haraji ya taɓa su. Inda aka riƙe amana abin ya yi amfani, inda aka saki ya zama sara kawai. Ni ra'ayina, ma'aikaci da ɗan kasuwa na birni su koma girki da gaz, tunda matatar Damagaram na fitar da shi, kuma gwamnati ta tsaya tukunyar gaz ta samu ko'ina, kada ta riƙa ɓacewa kasuwa. Za ku ce: ai ka ce gaz mai ƙarewa ne. Haka ne. Amma in kana da rumbun gado da gonar da ta gaji, hankali shi ne ka ci daga rumbu ka bar gona ta huta ta farfaɗo. Kuɗin mai ma haka ya kamata a yi da su. Wanda ya sayar da san gado, in ya sayi tumaki mata ya yi dabara, in ya yi biki da kuɗin ya tashi hannu wofi. Tumakin nan su ne famfunan rana, da horar da samari gyaransu cikin kowace karamar hukuma, da maƙeran murhu, da madatsar Kandaji da aka daɗe ana jira bisa kogin Kwara.

Ku da kuka yi yaƙi da jahilci, kun iya rubutu, kun iya lissafi, ga aikin da nake roƙon ku kafin shuka. Kada ku ɗauki maganata haka nan, ku auna da kanku. Ku ari sikelin ƙungiya ko na mai sayen wake. Ku zaɓi gida guda. Mako na farko a yi girki bisa duwatsu uku kamar kullum: kowace safiya ku auna itacen da aka ajiye, da dare ku auna wanda ya rage, ku rubuta bambancin cikin kaye. Mako na biyu a yi da murhu mai bango, mai girki ɗaya, tukunya ɗaya, yawan masu ci ɗaya, itace iri ɗaya. In baƙi sun zo ko an yi suna, ku tsallake wannan rana. Ku haɗa jimillar kowane mako, ku ɗebe ƙarami daga babba, abin da ya fita ku ninka shi sau 52. Ran juma'a bayan an sauko, ku karanta adadin gaban maza, ku tambayi mai amalanken itace nawa yake sayar da wannan lodi.